Kacici-Kacicin Lissafi a Firamare: Koyarwa Ce ko Cinye Lokaci?

A Kasuwar Tarauni, ko a bakin titin Court Road da ke Gyadi-Gyadi, ba wuya ka ci karo da yarinyar da ba ta haura shekara goma ba, da farantin gyaɗa ko bokitin awara a gabanta. Ka yi sayayyar naira 650, ka miƙa mata dubu ɗaya, kafin ka mayar da hannu aljihu ta ƙirgo maka 350. Ba ta nemi biro ba, ba ta taɓa waya ba. Abin da ta raya a zuci shi ne: hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu. Washegari a aji huɗu malam ya rubuta 1000 a sama, 650 a ƙasa, ya ja layi, sai ka ga yarinyar nan ta yi zuru, tana neman inda za ta yi aro alhali sifili ne har uku a jere. Ba yabon talla ake yi a nan ba. Ana dai nuna cewa lissafin da ta iya a titi ya ƙi bin ta cikin aji.

Cikin dabarun da ake kawowa don toshe wannan giɓi akwai koyar da lissafin ka ta hanyar kacici-kacici mai amsa-amo. A Amurka wani marubuci, Greg Tang, ya fitar da littafi a 2001 mai suna The Grapes of Math. Kowane shafi hoto ne na abubuwa a jere, kamar kifaye ko 'ya'yan inabi, da gajeren baiti mai tambayar adadinsu, yana kuma yi wa yaro nuni da hanyar da za ta fisshe shi ba tare da ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba. Bayanin amsoshin yana ƙarshen littafin. Tambayar da ke gabanmu ita ce: in aka yi irin wannan da Hausa, aka shigar da shi azuzuwan Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, zai koyar da lissafi, ko kuwa zai ƙara wa yara wata waƙar ce a kan waɗanda suke rerawa?

Kafin a shiga hujjoji, gara mai karatu ya ga abin da idonsa. Ga wanda na tsara don misali:

Kiret uku na ƙwai na saya,
Na ɗora a kai na kama hanya,
Biyu-biyu sun fashe a kowane ɗaya,
Nawa suka rage na kai wa Yaya?

Yaron da ya san kiret talatin yake ci yana da hanya biyu. Yana iya cewa kowane kiret saura 28, ya shiga fama da 28 sau uku. Yana kuma iya cewa kiret uku casa'in ne, shida sun fashe, saura 84. Hanya ta biyu ita ake son ya gano: ka cika lamba ta zama mai sauƙin ɗauka, daga baya ka cire abin da ka ƙara. Wanda ya riƙe wannan dabara, gobe in aka ce masa 99 sau huɗu, zai ce ɗari huɗu ba huɗu, ya faɗi 396 yana tsaye.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko tarihi ce. Suna cewa ba baƙon abu aka kawo mana ba, domin ƙasar nan ta daɗe tana zuba ilimi cikin baiti. Ɗalibin zaure yana haddace nahawu a Alfiyyar Ibn Malik, yana haddace rabon gado a Rahbiyya, wadda baitocinta ɗari da saba'in da 'yan kai ne, kuma cike take da rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta isar da karatu ga matan karkara ta hannun jagororin ƙungiyar mata ta 'Yan Taru. Mawallafan waƙoƙin ajami kuwa sukan rufe waƙa da ramzi, kalmar da haruffanta ke ɗauke da lambobi, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har zuwa dubu. Mai sauraro ya tara su a ka, ya fitar da shekarar hijirar da aka kammala waƙar. In wannan ba kacici-kacicin lissafi cikin baiti ba ne, to mene ne? A waje ma haka abin yake. Bhaskara na Indiya ya rubuta Lilabati a 1150, littafin lissafi cikin waƙa, Ibn al-Yasamin na Maroko, wanda ya rasu a 1204, ya tsara ƙa'idojin aljabara cikin waƙa. Kuma ƙasar da ta haifi Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, ba za a ce wasa da lambobi ya fi ƙarfin 'ya'yanta ba.

Hujja ta biyu ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke kama lamba. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, sun gwada yara masu saye da sayarwa a titunan Recife ta Brazil. A wurin ciniki yaran sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka ba su irin lissafin nan cikin ɗan labari, sun samu kusan kashi 74. Da aka rubuta musu lambobin tsura a takarda, sai suka faɗo zuwa kusan kashi 37. A 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike mafi girma, wanda Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a kan yara 1,436 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi. Kusan dukansu gwanaye ne a lissafin ciniki, amma da yawansu sun kasa irinsa da aka kawo musu a sigar makaranta. 'Yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuwa akasin haka aka samu: wata tambayar kasuwa da fiye da sulusin 'yan kasuwar suka warware, kashi ɗaya cikin ɗari ne kacal na 'yan makarantar suka iya. Masu goyon baya suna cewa kacici-kacici yana tsakiyar waɗannan duniyoyi biyu. Yana ɗauko ƙwai da kiret da kwano da kuɗin adaidaita sahu, abubuwan da yaron Tarauni ya sani, ya shigo da su aji.

Hujja ta uku tsoro ce. Kowa ya san yaron da ke cewa shi ba shi da kan lissafi, kuma sau da yawa bulala da dariyar 'yan aji ce ta sa masa wannan ra'ayi. Al'adarmu ta kacici-kacici ta riga ta yi wa rashin sani mafita mai mutunci. Wanda ya kasa sai ya ce ya ba da gari, mai tambaya ya karɓi Katsina ko Zariya ko Makka, a yi dariya, a faɗi amsa, a wuce. Ba a zagi kowa ba, ba a daki kowa ba, kuma wanda ya kasa ɗin shi ne ya fi kowa kasa kunne don ya ji amsar. Samun irin wannan yanayi a darasin lissafi ba ƙaramar riba ba ce.

Hujja ta huɗu kuɗi ne da yawan ɗalibai. A makarantun gwamnati na cikin birnin Kano, ajin da yara suka haura tamanin ba abin mamaki ba ne, kuma ba kowa ke zuwa da littafi ko fensir ba. Baiti ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar kowane yaro ya riƙe nasa kwafin. Malam ya faɗa, na gaba da na baya su ji lokaci guda. In an tashi kuma yana bin yaro gida. Ya jefa wa ƙanensa, ya jefa wa kakarsa wadda ba ta yi boko ba amma ta fi shi saurin lissafin adashe. Aikin gida da aka rubuta da Turanci ba ya samun wannan gata, domin uwa da yawa ba ta da ta cewa a kansa.

Abin da masu suka ke cewa

Su ma da tarihi suke farawa, amma na kusa. Suna cewa ai mun daɗe muna waƙe lissafi, me ya tsinana? Duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya rera jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu, aji gaba ɗaya da murya guda, har makwabtan makaranta su haddace. Amma ka tsayar da yaro ka ce masa bakwai sau takwas, sai ka ga leɓensa yana motsi. Ya koma bakwai sau ɗaya, yana hawa da kari, in ka katse shi a tsakiya sai ya sake daga farko. Abin da ya riƙe sauti ne. Ka ce masa mutum bakwai kowa ya ba ka naira takwas, nawa ke nan, yana iya kallonka ya ce, "Malam, tarawa za a yi ko ɗebewa?" Masu suka suna tsoron sabon littafin zai bi sahun tsohon jadawalin. Mako biyu ya isa yara su haddace baitin ƙwai da amsarsa, kana cewa kiret uku su amsa da tamanin da huɗu, kai kana murna, su kuwa ko ɗigon lissafi ba su yi ba.

Suka ta biyu ita ce nauyin harshe. Yaron aji biyu da ke jin baiti yana ɗauke da kaya uku a lokaci guda: yana bin kari, yana bin labari, yana kuma ƙoƙarin riƙe lambobi. Wanda bai zauna da gindinsa a ƙirge ba, kari da labarin za su janye hankalinsa, lambobin su zube. Sannan Tarauni ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba, kuma ko cikin Hausawan, Hausar waƙa daban take da ta hira. In kuwa da Turanci littafin yake, kamar yadda makarantun kuɗi za su fi so, to matsalar ta ninka. Yaron Daurawa da bai gama rarrabe kalmomin Turanci na yau da kullum ba, an haɗa shi da wasan kalmomi da hotunan abubuwan da bai taɓa gani ba. A nan jarrabawar Turanci ake yi masa da sunan lissafi.

Suka ta uku ta masu sanin waƙa ce. Mawaƙi bawan amsa-amo ne. Biyu da uku da huɗu suna faɗawa ƙarshen ɗango cikin sauƙi, haka ɗaya da shida da tara da goma. Bakwai da takwas da biyar kuwa abokan amonsu kaɗan ne, alhali bakwai da takwas su ne suka fi ba yara wuya a jadawali. In aka bar wa mawaƙi zaɓin lamba, zai zaɓi wadda ta yi wa baitinsa daɗi, a wayi gari an yi littafi mai daɗin ji wanda ya kauce wa wuraren da yaro ya fi bukatar horo.

Suka ta huɗu ita ce kacici-kacici yana son zamba. Kowa ya san na tsuntsayen da ke kan bishiya, aka harbi ɗaya, aka ce saura nawa, amsa ita ce babu, domin sauran sun tashi. Yana da ban dariya, amma abin da yake koya wa yaro shi ne kada ya yarda da tambaya, ya nemi tarko. Ko ka ɗauki labarin raƙuma 17 da ake jingina wa Sayyidina Ali, inda za a ba wani rabi, wani sulusi, wani ɗaya cikin tara. Aka ƙara raƙumi ɗaya suka zama 18, aka ba da 9 da 6 da 2, raƙumin aro ya koma ga mai shi. Yara suna jin daɗinsa ƙwarai. Amma in ba a nuna musu cewa rabi da sulusi da ɗaya cikin tara ba su cika guda ba, 17 cikin 18 suke bayarwa, za su tashi da tunanin cewa lissafi wani siddabaru ne na masu baiwa. Wannan kuwa shi ne ainihin ciwon da ake son magancewa.

Suka ta biyar ta shafi adalci a aji. A duk aji akwai yara uku ko huɗu masu saurin baki. Kafin malam ya rufe baki sun jefo amsa, sauran saba'in su maimaita. Mai nazari a hankali, wanda sau da yawa shi ne ya fi zurfin fahimta, ba ya samun sararin gama tunaninsa.

Ta ƙarshe ita ce ta fifiko. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 saboda azuzuwan da suka lalace da yaran da ke zaune a ƙasa da ƙarancin malamai. Masu suka suna cewa wanda ke da wannan a gabansa ba littafin baitoci ne bukatarsa ta farko ba. Suna nuni da shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kano (SUBEB) da British Council da TaRL Africa. Tsarin da ya bi shi ne a gwada yaran aji huɗu zuwa shida, a raba su gwargwadon abin da kowa ya iya maimakon ajin da yake, a fara daga inda yaro ya tsaya. A wannan tsari tsinkaye ake ɗaurewa goma-goma, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga ma'anar aro. A ganinsu hannu ne ke fara koyon lissafi kafin kunne. Sun ƙara da cewa a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, aka koma Turanci, kuma jarrabawa a rubuce take zuwa, da Turanci. Uban da ya ce shi karatu ya kawo ɗansa, ba waƙa ba, yana da abin da yake dubawa.

A ɗora su a ma'auni

Abu na farko da ya kamata a raba shi ne waƙar hadda da kacici-kacici, domin rabin gardamar nan daga cakuɗa su ta taso. Jadawalin sau da ake rerawa amsa yake ba yaro ya adana. Kacici-kacici tambaya yake ba shi ya nema. Waƙar hadda rumbu ce, tana ajiye abin da aka noma, amma ba ta noma wa kowa, kuma wanda ya gina rumbu bai je gona ba zai buɗe ya tarar da wayam. Don haka sukar farko ta sami jadawali sosai, amma kacici-kacici ba ta same shi ba sai in malam ya mayar da shi abin maimaitawa. Maganin wannan mai sauƙi ne. Yau kiret uku ne biyu-biyu suka fashe, gobe kiret huɗu ne uku-uku suka fashe. Baitin bai canza ba, amsar ta koma 108, wanda ya haddace 84 ya tonu.

Abu na biyu, tarihin da masu goyon baya ke tinƙaho da shi yana da wani ɓangare da sukan manta. Ba a taɓa sakin baiti shi kaɗai ba. Alfiyya tana tafiya da sharhin Ibn Aƙil, waƙar Ibn al-Yasamin malamai da dama sun yi mata sharhi, kuma a zaure ɗalibi yana jan baiti malam yana fassarawa, yana kawo misali, yana tambaya. Mai karatun Rahbiyya ba ya zama masanin gado sai ya zauna ya raba dukiyar mamaci mai mata biyu da 'ya'ya biyar a kan allo, ya yi kuskure, an gyara masa. Magabata sun san baiti yana riƙe ilimi, sharhi ne ke buɗe shi. A ajin firamare sharhin nan tambaya ce guda: yaya ka yi ka samu? Lokacin da yaro ɗaya ya ce shi 28 ya tara sau uku, wata ta ce ita daga casa'in ta cire shida, aji ya auna wace hanya ta fi sauri, a nan ne aka yi darasin lissafi. Baitin ya tara hankali ne kawai.

Sukar amsa-amo gaskiya ce, amma aiki ne na gwaninta, ba shinge ba ne. Lamba ba dole ta zo ƙarshen ɗango ba:

Kaji bakwai na Inna Hauwa,
Takwas na Gwaggo mai daddawa,
Uku na Yaya, biyu na ƙanwa,
Duka a akurki sun zama nawa?

Bakwai da takwas sun shiga ba tare da sun ɓata amo ba, kuma an zaɓi lambobin da gangan: bakwai ta nemi uku, takwas ta nemi biyu, goma sau biyu ke nan, ashirin. Darasin shi ne malamin lissafi ya fara zaɓar dabarar da lambobin, sannan mawaƙi ya yi musu riga. In aka juya tsarin, masu suka sun yi gaskiya.

Game da binciken Brazil, adalci ya sa a faɗi cewa yara biyar kawai aka gwada, kuma shi da na Indiya ba su gwada baiti ba. Abin da suka nuna shi ne akwai rami tsakanin lissafin kasuwa da na aji, kuma ba ya cikewa da kansa. Wannan ya isa ya sa a gwada kacici-kacici, amma bai isa ya sa a yi rantsuwa a kansa ba. Binciken Indiya ma gargaɗi ne ga ɓangarorin biyu. In yaro ya ƙware a baitin ƙwai, ba a nuna masa yadda ake rubuta shi da lambobi ba, an ƙara masa lissafin kasuwa ne, wanda dama ya iya.

Batun harshe kuwa, 84 ba ta da yare. Yaron da ya gane dabarar cikawa da cirewa da Hausa zai yi amfani da ita ko da wane harshe aka tambaye shi. Shirin Ife na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, rahotonsa ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Kuma duk wanda ya leƙa ajin gwamnati a Kano ya san ko me takarda ta ce, in malam yana son a gane, Hausa yake juyawa. Minti goma na tunani da harshen da yaro ke mafarki da shi ba zai hana shi cin jarrabawa ba.

Inda masu suka suka fi ƙarfi shi ne batun ƙananan yara da na masu saurin baki. Yaron da bai san goma ɗauri ɗaya ba ce, tsakuwa da murfin kwalba da ƙwallon dabino yake bukata a hannunsa, ba baiti ba. Kuma in ba a hana ihun amsa ba, darasin na mutum huɗu ne.

Hukunci

A ganina kacici-kacicin lissafi ya cancanci shiga aji, amma da sharuɗɗa, kuma matsayinsa ƙarami ne. Kada ya wuce minti goma a farkon darasi. A fara shi bayan yara sun iya ƙirge da ɗauri da hannunsu. Kowane baiti ya ɗauki dabara guda sananniya, a bar masu tarko don hirar dare. In malam ya faɗa, a yi shiru na ɗan lokaci, kowa ya rubuta amsarsa a bayan littafi ko a ƙasa, a ɗaga tare. A tambayi aƙalla yara biyu yadda suka yi, har da wanda ya kuskure. Daga nan a rubuta abin a allo da lambobi da alamominsu, don yaro ya ga cewa ƙwan Yaya da 90 − 6 abu ɗaya ne. A ƙarshen mako a bar yara su ƙirƙiro nasu, domin wanda ya iya tsara tambaya ya riga ya fahimci amsarta.

Wannan ba ya bukatar littafi mai launi a hannun kowane yaro. Ƙaramin littafi ɗaya a hannun malami ya wadatar, mai ɗauke da baiti, da dabarar da ke bayansa, da wasu lambobin da za a musanya. Kano ba ta rasa masu yin sa ba. Akwai malaman lissafi a makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi da ke kan titin Zariya, akwai masana Hausa a Jami'ar Bayero, akwai marubuta waƙoƙi a reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Su zauna tare su fitar da baiti sittin, kwatankwacin na zangon karatu guda. Sashen ilimi na ƙaramar hukumar Tarauni ya zaɓi 'yan makarantu, a gwada yara a farkon zango da ƙarshensa, a kwatanta da makarantun da ba a yi ba. In an ga bambanci a faɗaɗa, in ba a gani ba a ajiye, ba a yi asarar komai ba sai takarda.

Iyaye kuma ba sai sun jira hukuma ba. In ɗanka ya kawo maka amsa, daidai ce ko kuskure, kada ka tsaya a "madalla" ko "ba haka ba ne". Ka tambaye shi yadda ya yi, ka saurara har ya gama.